Masarautun Halittu Masu Rai: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin ɗaliban sakandare, masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da 'yan kwalejin kiwon lafiya da na aikin gona. Mun fara da na tushe, sannan muka gangara zuwa masu ɗan zurfi.

Mece ce "masarauta" a ilimin halittu?

Masarauta babban rukuni ne da masana ke zuba halittu a ciki idan ginin jikinsu da hanyar samun abincinsu da asalinsu sun zo ɗaya. Kalmar fassara ce ta regnum a harshen Latin, wadda masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya yi amfani da ita a littafinsa Systema Naturae a 1735. Babu sarki a cikinta, suna ne kawai. Sai dai tsarin ya yi kama da na sarautarmu: yadda masarauta ke rabuwa gundumomi, gunduma ta rabu ƙauyuka, ƙauye ya rabu unguwanni har a iso gida guda, haka rukunan halittu ke shiga cikin juna.

Matakan takwas ne daga sama zuwa ƙasa: daula, masarauta, reshe, aji, sahu, dangi, jinsi, nau'i. Waɗannan sunayen Hausa ne na koyarwa. Da Latin, bakwai na ƙasa su ne regnum, phylum, classis, ordo, familia, genus da species.

Yaya matakan ke aiki a kan dabbar da muka sani?

Ɗauki akuya. Masarautarta Animalia, reshenta Chordata, ajinta Mammalia, wato masu shayarwa, sahunta Artiodactyla, wato masu kofato a tsage, danginta Bovidae, jinsinta Capra, nau'inta Capra hircus. Tunkiya da saniya suna tafe tare da ita har matakin dangi, a jinsi ne suke rabuwa, tunkiya ta shiga Ovis, saniya ta shiga Bos. Raƙumi sahunsu ɗaya amma danginsa daban, Camelidae. Jaki ajinsu ɗaya, sahunsa daban. Zabo ya rabu da ita tun a aji, fara tun a reshe, gero kuwa tun a masarauta. Gwargwadon nisan da halittu biyu suka yi tare kafin su rabu, gwargwadon kusancinsu ke nan.

Masarautun nawa ne? Wani littafi ya ce biyar, wani shida, wani bakwai.

Duk ukun akwai masu riƙe da su, ya danganta da shekarar littafin da ƙasar da aka rubuta shi. Tsarin biyar na Robert Whittaker ne, ɗan Amurka, na 1969: Monera, Protista, Fungi, Plantae, Animalia. Tsarin shida, wanda littattafan Amurka suka fi bi, ya raba Monera gida biyu, bakteriya da arkiya, wato wasu ƙananan halittu masu kama da bakteriya. Tsarin bakwai, wanda wani gungun masana ya fitar a 2015 bisa aikin Thomas Cavalier-Smith, ya ƙara raba Protista zuwa Protozoa da Chromista. Manhajar WAEC a kan biyar take, shi ya sa muka gina amsoshin nan a kansu muna nuna inda suka gaza.

Me ya sa ba a tsaya a kan tsiro da dabba kawai ba?

Domin madubin ƙara girma, maikuroskof, ya ɓallo ruwa. Linnaeus ya raba duniya uku ne, dabbobi da tsirrai da ma'adinai, masu rai ke nan gida biyu. Amma tun kafin shi, a wajajen 1674 zuwa 1676, wani ɗan kasuwar tufafi a garin Delft na Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya ga ƙananan halittu suna iyo a ɗigon ruwa. Wasunsu sun ƙi shiga ko ɗaya daga gidajen biyu. Euglena, alal misali, koriya ce tana haɗa abinci da hasken rana kamar tsiro, amma tana iyo da wani siririn gashi mai kama da bulala, kuma idan babu haske sai ta koma tsotsar abinci daga ruwan. Masana tsirrai suka sa ta a littafinsu, masana dabbobi ma suka sa ta a nasu.

A 1866 Bajamushe Ernst Haeckel ya kafa masarauta ta uku, Protista, don irin waɗannan. A 1938 Herbert Copeland ya ware bakteriya a masarauta ta huɗu, saboda ba su da cibiya, wato jakar da ke riƙe sinadarin gado, a ƙwayar halittarsu. Whittaker ya ciro su funfuna daga cikin tsirrai, suka zama ta biyar, Fungi ko fungai.

Da wane ma'auni Whittaker ya raba su?

Da tambayoyi uku. Ta farko: ƙwayar halittar tana da cibiya ko babu? Ta biyu: ƙwaya ɗaya ce tilo ko tarin ƙwayoyi ne suka haɗu suka yi jiki? Ta uku: yaya take samun abinci, haɗawa take yi da hasken rana, ko tsotsa, ko haɗiya? Marasa cibiya su ne Monera. Masu cibiya amma akasari ƙwaya ɗaya su ne Protista. Cikin masu tarin ƙwayoyi, masu haɗa abinci Plantae ne, masu tsotsa Fungi, masu haɗiya su narkar a ciki Animalia. Ma'auni na huɗu da malamai kan ƙara shi ne bangon ƙwaya: na tsiro da selulos aka gina shi, na fungai da kaitin, na bakteriya da feftidogilaikan, dabba kuwa ba ta da bango sam, tantani ne kawai.

Mene ne bambancin mai cibiya da maras cibiya?

Wannan shi ne rabuwa mafi zurfi a ginin ƙwayar masu rai, ya fi bambancin da ke tsakanin mutum da kuka nisa. A ƙwaya mai cibiya, wadda ake kira yukariyot, sinadarin gado na DNA yana killace cikin wata jaka mai tantani, kuma akwai wasu ƙananan sassa kamar maitokondiriya mai samar da ƙarfi, da kulorofilas mai haɗa abinci da hasken rana a tsirrai. A maras cibiya, furokariyot, DNA ɗin zobe ne guda a sake cikin ƙwayar, babu waɗannan sassa. Girmansu ma ya bambanta. Bakteriya ta gama-gari tana tsakanin maikuromita 1 zuwa 5, ƙwaya mai cibiya kuwa 10 zuwa 100. Maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Akwai kuma raibosom, injin ƙera furotin na ƙwaya. Na bakteriya ƙarami ne, ana kiransa 70S, namu 80S. Wannan ɗan bambanci shi ne ƙofar da magunguna da yawa ke bi, kamar yadda za a gani a amsar da ke kan amfanin rabon a asibiti da gona.

Duk 'yan Monera masu jawo cuta ne?

A'a, masu cutar 'yan tsiraru ne, sai dai su suka yi suna: Vibrio cholerae mai kawo kwalara, Mycobacterium tuberculosis mai tarin fuka, Neisseria meningitidis mai sanƙarau. A ɗaya gefen, bakteriyar Lactobacillus da 'yan uwanta ne ke mai da madara nono, Bacillus subtilis ce ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, dangin Rhizobium kuma su ne ke zaune cikin 'yan ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa suna kamo naitirojin daga iska, abin da ya sa gonar da aka noma wake ke yi wa dawa kyau a shekara mai zuwa.

Me ya sa aka rushe Monera, kuma mece ce daula?

A 1977 Carl Woese da George Fox na Jami'ar Illinois suka kwatanta jerin sinadaran wani ɓangare na raibosom, wanda ake kira 16S, a halittu daban-daban. Suka tarar wasu da kowa ke ɗauka bakteriya ne, masu fitar da iskar mitan, sun yi nesa da sauran bakteriya kamar yadda mu muka yi nesa da su. A ido kamarsu ɗaya, amma bangonsu ba shi da feftidogilaikan, kitsen tantaninsu ma wani iri ne daban. Aka sa musu suna arkiya. A 1990 Woese da Otto Kandler da Mark Wheelis suka kawo mataki sabo a saman masarauta, wato daula, guda uku: Bacteria, Archaea, Eukarya. Protista da Fungi da Plantae da Animalia duk suna ƙarƙashin ta ukun.

An fi jin labarin arkiya a wurare masu tsanani, maɓuɓɓugar ruwan zafi da tafkin gishiri, har akwai wadda aka gani tana hayayyafa a zafin digiri 122. Amma ba sai an je nesa ba. Suna nan cikin tumbin saniya da tunkiya, su ke haɗa iskar mitan da dabbar ke gyatsawa, kuma su ne ke samar da gas ɗin girki a ramin kashin shanu. Maganar ma ba ta ƙare ba: tun da aka gano wasu arkiya a ƙarƙashin tekun Atilantika ta arewa a 2015, hujja na ƙaruwa cewa masu cibiya daga cikin arkiya suka tsiro, abin da zai sa daulolin su koma biyu maimakon uku.

Naman kaza a ƙasa yake tsirowa, ba ya motsi. Me ya hana shi zama tsiro?

Ba shi da kulorofil, koren sinadarin da tsiro ke kama hasken rana da shi, don haka ba ya haɗa abinci. Abin da ke fitowa a kan juji ko gindin ruɓaɓɓen itace da damina, ɗan ɓangaren haihuwa ne kawai. Ainihin jikin wasu fararen zare ne sirara da ke ratsa ƙasa ko itacen, suna zubo sinadarin narkarwa a waje sannan su tsotse abin da ya narke. Bangon ƙwayarsu na kaitin ne, irin abin da ke ɓawon fara da kyankyaso, kuma suna ajiye abinci a matsayin gilaikojin kamar hantar mutum, alhali tsiro sitaci yake ajiyewa. Binciken DNA ya tabbatar da abin da waɗannan alamu ke nunawa: fungai sun fi kusa da dabbobi fiye da tsirrai.

A masarautar akwai yis na burodi, Saccharomyces cerevisiae, wanda ƙwaya ɗaya ne, kuma shi ne misalin da ke karya dokar "fungai masu tarin ƙwayoyi ne". Akwai funfunar burodi, da masu kawo makero da ƙyasfi a fata, da Aspergillus flavus mai kama gyaɗa da masara da aka adana da danshi yana zuba musu gubar afulatoksin mai lalata hanta. Dafuwa ba ta kashe wannan guba, busarwa sosai kafin a zuba a buhu ita ce kariya.

Me ya haɗa 'yan Protista?

Gaskiya, kusan babu, sai cewa suna da cibiya kuma sun ƙi shiga sauran gidaje uku. Ɗakin shirgi ne. A ciki akwai Amoeba mai mimmiƙa jiki ta kewaye abinci, da Paramecium mai iyo da gajerun gasu, da Plasmodium mai zazzaɓin cizon sauro, da Trypanosoma da ƙudan tsando ke ɗauka ya sa wa shanu sammore ya sa wa mutum ciwon barci. Wasunsu sun fi kusa da dabbobi, wasu da tsirrai, wasu kuma ba su kusa da kowa. Shi ya sa masanan yau ba sa ɗaukar Protista a matsayin zuriya ɗaya, ko da yake sunan na da amfani a aji.

Gansakuka fa, ina ta faɗa?

Nan ne ɗalibai suka fi zamewa, domin kalma ɗaya ce a Hausa take rufe halittu daga masarautu uku. Koren zare mai santsi da ke kan kududdufi, irin Spirogyra, yana da cibiya. Wasu littattafai na sa shi a Protista, wasu a Plantae, kuma DNA ya nuna dangin tsirran tudu ne na kusa. Koren laushi mai kama da ƙaramin kafet a jikin katanga mai danshi tsiro ne sosai, daga rukunin Bryophyta. Shuɗi-shuɗin kumfa da kan rufe ruwan da ya daɗe a tsaye kuwa sau da yawa sayanobakteriya ce, ba ta da cibiya, Monera ce. Irin wannan ce matan Kanembu ke kwasa a tafkunan kanwa na yankin Kanem kusa da Tafkin Chadi, su shanya ta a yashi ta zama dihe, su sa a miya. A kasuwannin duniya ana sayar da ita da sunan Spirulina.

Ƙuduji da kauci a jikin wasu tsirrai suke ci. Har yanzu tsirrai ne?

Tsirrai ne. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, Striga hermonthica, yana maƙale saiwar dawa da gero da masara yana tsotsar ruwa da abinci, amma yana da ganye kore da fure da iri, bangon ƙwayarsa kuma na selulos ne. Haka kauci a reshen itace. Darasin shi ne ba a yanke hukunci da alama ɗaya. Asali da ginin ƙwaya sun fi hanyar cin abinci nauyi, a nan kuma ma'aunin Whittaker na uku ya nuna rauninsa.

Jemage tsuntsu ne? Kaska ƙwaro ce?

Jemage na da gashi, yana haihuwa, yana shayarwa, don haka ajinsa Mammalia, tare da akuya. Fiffikensa fata ce da aka shimfiɗa a kan dogayen yatsu. Kaska a bakin Bahaushe ƙwaro ce, amma ajin Insecta na masu ƙafa shida ne da jiki kashi uku. Babbar kaska ƙafa takwas gare ta, tana tare da kunama da gizo-gizo a Arachnida. Gara kuma, duk da zamanta irin na tururuwa, 'yar uwar kyankyaso ce. Tsutsar ciki da kurkunu da tsutsar da ke kawo tsargiya duk dabbobi ne cikakku. Kada ya fi kusa da zabo fiye da ƙadangare.

A wace masarauta bairos yake?

Ba ya cikin ko ɗaya. Bairos ba ƙwayar halitta ba ne. Guntun sinadarin gado ne, DNA ko ɗan'uwansa RNA, cikin rigar furotin, akasari tsakanin nanomita 20 zuwa 300 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita), ƙanƙantar da maikuroskof na makaranta ba ya iya nunawa. Ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya girma, ba ya hayayyafa sai ya shiga ƙwaya mai rai ya ari injinta. Ƙyanda da shan-inna da ƙanjamau duk aikinsa ne, haka zazzaɓin Lassa, wanda ya samo suna daga garin Lassa na Jihar Borno inda aka fara gano shi a 1969. Masana bairos na da nasu tsarin rabo daban. Idan an tambaya a jarrabawa, amsar ita ce yana kan iyakar mai rai da maras rai.

Wane amfani wannan rabo ke da shi a asibiti da gona?

Magani yana aiki ne ta kai hari ga abin da mai cutar ke da shi wanda mu ba mu da shi. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928 daga funfunar Penicillium, yana hana bakteriya gina bangonta na feftidogilaikan. Tetarasaikilin yana toshe raibosom 70S. Bairos ba shi da bango ba shi da raibosom, don haka shan waɗannan saboda mura asarar kuɗi ce, kuma tana koya wa bakteriyar jiki jure magani. Ko cikin bakteriya akwai togaciya: Mycoplasma mai kawo ciwon huhun shanu ba ta da bango, fenisilin ba ya taɓa ta. Fungai kuwa, da yake ƙwayarsu ta yi kama da tamu, wuraren kai musu hari kaɗan ne, babba a ciki shi ne wani kitse na tantaninsu mai suna agosterol. Makero na kai yakan buƙaci maganin sha na makonni, shafawa kaɗai ba ta kai wa ga saiwar gashi.

A gona ma haka. Cutar da ke mai da zangarniyar gero koren ganye maimakon ƙwaya, Sclerospora graminicola, da wadda ke ƙona dankalin Turawa a Filato, Phytophthora infestans, sun yi kama da funfuna har aka daɗe ana lissafa su cikin fungai. Bangonsu na selulos ne, ba sa ƙera agosterol, kuma a tsarin bakwai Chromista suke. Maganin funfuna mai kai hari ga agosterol ba ya kama su. Irin su metalaksil ne ke yi, shi ya sa ake samun sa a maganin wanke iri.

Yaya ake rubuta sunan kimiyya daidai?

Kalma biyu ce: jinsi sannan lakabin nau'i. Ta farko da babban baƙi take farawa, ta biyu da ƙarami ko da daga sunan mutum ko gari aka ciro ta. A bugu ana karkata rubutun, da hannu kuma ana ja wa kowace kalma layi daban. Dawa Sorghum bicolor, wake Vigna unguiculata, kuka Adansonia digitata, mutum Homo sapiens. Bayan ambato na farko ana iya taƙaita jinsin, a ce S. bicolor. Kuskuren da ya fi cin maki shi ne rubuta kalma ta biyu da babban baƙi, sai rubuta ta ita kaɗai. Ƙa'idar ta kafu ne da littafin Linnaeus na tsirrai na 1753, da bugu na goma na Systema Naturae a 1758 ga dabbobi.

Doki da jaki suna haihuwa tare. Me ya sa ba nau'i ɗaya ba ne?

Sharaɗin shi ne ɗan da aka haifa shi ma ya iya haihuwa. Doki na da kuromosom, wato ƙunshin DNA a cikin cibiya, guda 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa daidai wajen haɗa ƙwayar haihuwa. Jinsinsu ɗaya, Equus, nau'i biyu. Wannan ma'auni ba ya aiki ga bakteriya da ke rabuwa biyu ba tare da barbara ba; a can kamannin DNA ake aunawa.

Me ya sa sunayen ke canzawa?

Domin ana so kowane rukuni ya zama zuriyar kaka ɗaya, idan DNA ya nuna an haɗa baƙi a gida ɗaya sai a raba. Bagaruwa da dakwara da gawo duk Acacia ne a tsofaffin littattafai. Yanzu bagaruwa Vachellia nilotica ce, dakwara mai ba da ƙaro Senegalia senegal, gawo Faidherbia albida, sunan Acacia kuma ya zauna wa na Ostareliya bayan taron masana tsirrai na duniya na 2005 da na 2011. Kaɗanya ta tashi daga Butyrospermum parkii zuwa Vitellaria paradoxa. Gero da kowa ya sani da Pennisetum glaucum, wasu kundaye yanzu Cenchrus americanus suke rubuta masa. Mai neman bayani a intanet ya gwada tsohon suna da sabo, in ba haka ba rabin abin da aka rubuta zai wuce shi.

Za a iya ganin masarautun biyar a ɗakin gwaji na makaranta?

Za a iya, da kayan da ke gida. Don tsiro, ɓare siririyar fatar cikin albasa, shimfiɗa ta a gilashi, ɗiga ayodin: za ka ga ƙwayoyi jere kamar tubali, kowacce da bango da cibiya. Don dabba, goga cikin kumatu da auduga mai tsabta, ɗiga shuɗin metilin: cibiya na nan, bango babu. Don fungai, yayyafa wa burodi ruwa ka rufe a roba kwana uku zuwa biyar, ka ɗebo ɗan zaren da tsinken allura, kada ka shaƙi ƙurar. Don Protista, ɗebo ruwan kududdufi tare da ruɓaɓɓen ganyen ƙasansa, ka bar shi a kwalba kwana biyu. Duk waɗannan suna fitowa a ƙarin girma sau 100 zuwa 400. Bakteriya ce ke ba da wahala: shafa nono siriri a gilashi, bar shi ya bushe, gitta shi ta kan harshen wuta sau biyu ko uku, rina shi, sannan ka duba a sau 1000 da ɗigon man madubi.

Abin da ke ɓata aikin kusan kullum uku ne. Samfur mai kauri yana tare haske, sai a ga duhu kawai. Kumfar iska tana fitowa da'ira mai baƙin baki, ɗalibi ya zana ta a matsayin ƙwaya; ana kauce mata ta kwantar da murfin gilashin a karkace a hankali. Na uku shi ne farawa da babban madubi: fara da ƙarami, ka samo abin, ka kawo shi tsakiya, sannan ka juya zuwa babba, kuma daga nan ƙaramin maɗaurin saiti kaɗai za ka taɓa don kada madubin ya fasa gilashin.